Ranar da Dattawa Suka Cika Ajinmu

Ban rubuta komai ba a lokacin da abin yake faruwa, kuma yanzu an ɗan kwana biyu. Akwai wuraren da nake gani sarai, akwai kuma waɗanda in na tuna su yau su zo da wata kama, gobe su zo da wata. Maganganun da zan sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ban ce kalmomin ke nan daidai ba. Abin da nake da tabbaci a kansa shi ne yadda aka fara da yadda aka ƙare.

Bayan na gama jami'a na dawo gida Gwarzo na zauna tsawon lokaci ba aiki. Daga baya aka ɗauke ni koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke gefen Durun cikin Kabo. Kullum da safe nake aron babur ɗin yayana in tafi, in dawo bayan azahar. Yaran da na tarar sun iya kwafe abin da aka rubuta a allo, wasu ma hannunsu ya fi nawa kyau. Amma in ka tambaye su abu da Turanci sai ajin ya yi tsit. A wurinsu Turanci abu ne da ake rubutawa, ba su taɓa jin mutum biyu suna hira da shi ba. Ni kaɗai suke ji, ni kuwa ko a jami'a ban taɓa yarda da yadda nake furta wasu kalmomin ba.

A zango na biyu da zuwana wata ƙungiya daga birni ta ba makarantarmu aron kwamfutocin hannu, irin masu faɗin nan kamar allo, tare da farantin sola na caji da wata 'yar na'ura mai jawo intanet. A cikinsu akwai manhajar koyon magana. Muryar wata mata ce take tambaya da Turanci, yaro ya amsa da baki. In ta ji amsar kuma daidai ce, sai fuskar kwamfutar ta nuna kore. In ba ta ji ba ko an yi kuskure, sai ta nuna ja. Sharaɗin da aka gindaya shi ne, a ƙarshen zango yaran za su yi jarrabawar magana a cikin manhajar, sakamakon ya tafi wa ƙungiyar kai tsaye ta intanet. Makarantar da yaranta suka nuna ci gaba za a bar mata kayan. Wadda ba ta nuna ba za a kwashe a kai wa wata, domin masu jira suna da yawa.

Hedimastanmu, dattijo mai barkwanci da ya kusa ritaya, ya miƙo mini makullin akwatin ya ce, "Malam, kai ne ɗan jami'a. Ni wayata ma jikana ne yake buɗe mini. Kayan nan suna wuyanka."

Na ce, "In sha Allahu, Yallaɓai, za a gwada."

"Ba gwadawa aka ce ba. In aka kwashe su, kai za ka yi wa mutanen gari bayani."

Dariya yake yi, amma ni ban ji abin dariya ba. Na san ba za mu sake samun irin wannan damar ba, kuma na san yaran nan in ba su iya buɗe baki da Turanci ba, duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa bayan sakandare da wuya a buɗe musu.

Makonnin farko ja kawai muke gani. Da fari na ɗora wa sabis laifi, na riƙa yawo da 'yar na'urar daga taga zuwa taga. Sai na ce ko ƙarar ruwan sama ce a kan kwano, domin damina ce. Sai na ce ko kwamfutocin ne suka lalace a hanya. Na ɗauki ɗaya na amsa tambayar da kaina, nan take ta nuna kore. Ranar na koma gida ko abinci ban iya ci ba. Ina ta lissafin kwanakin da suka rage, ina tunanin ranar da za a zo a ce malamin da aka kawo daga Gwarzo ya kasa.

Sai da na daina duban kwamfutar na koma duban yaran sannan na gane. Yaro zai taso, ya ɗan rusuna, ya karɓi kwamfutar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya yi magana kamar gwiwarsa yake gaya wa. 'Yan mata kuma su jawo bakin hijabi su rufe baki. Da yawansu amsar daidai suke bayarwa, in na kai kunnena kusa ina ji. Manhajar ce ba ta ji.

Na ce, "Ku ɗaga murya."

Suka ce, "To, Malam." Suka ci gaba yadda suke.

Na roƙe su, na yi faɗa, na yi alkawarin alewa. Na fita daga ajin na laɓe a bayan taga, ko ni ne nake takura musu. Muryoyin suka ɗan tashi, amma ba su kai ba. Da na tambayi wani yaro me ya hana shi tunda ba na nan, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, ai babba ce." Matar da ke cikin manhajar yake nufi. Ni ma haka aka rene ni. Har yau in mahaifina yana magana ƙasa nake kallo.

Wadda ta fi damuna wata yarinya ce da ta fi kowa a ajin. Gidansu yana bakin gari, asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma, suna da 'yan shanu kaɗan. Ita ce 'yar fari a gidan. Rubutunta na Turanci, in ba son kai ya rufe mini ido ba, ya fi na wasu da muka zauna aji ɗaya a jami'a. Amma ban taɓa jin muryarta sosai ba. In ta riƙe kwamfutar leɓenta kawai nake gani yana motsi.

Wata rana da na tashi komawa gida tayar babur ta yi faci daidai bayan gidansu. Ina tura shi a gefen danga sai na ji murya daga ciki, tas kamar ta mai talla.

"Tsohuwa, ina kika ɓoye goron? Baki ba haƙori ko ɗaya, sai son goro."

Wata murya ta tsufa ta amsa, "Ke da ake cewa kina boko, har yau fura ba ki iya damawa ba. Wa zai sha wannan ruwan wanki?"

"Ke za ki sha, tunda ba ki da abin tauna."

Na tsaya cak. Muryar farkon ta ɗalibata ce, da kakarta take wasa. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san jika yana iya gaya wa kaka abin da ba zai taɓa gaya wa uwa ko uba ba, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Na tura babur ɗin nan har wurin mai faci ina juya abin a raina, ina tsoron kada ya zama wauta.

Washegari na ɗaga kwamfuta ɗaya a gaban aji na ce, "Na yi bincike. Wannan matar ba malama ba ce. Kakarku ce. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, kuma Hausa ba ta ji ko kaɗan. In ba ku ɗaga murya ba haka za ta yi ta nuna muku ja."

Sai wasu suka fara dariya a cikin hijabi. Na ajiye kwamfutar a kan tebur na fita baranda na juya wa taga baya. Can sai na ji wani yaro mai tsokana ya ce, "Tsohuwa, ina kwana, ina haƙora?" Ajin ya kwashe da dariya. Muryar ta yi tambayarta, ya amsa da Turanci da ƙarfi kamar yana kiran wani a gona. Ban ga fuskar kwamfutar ba, amma ihun da suka yi ya gaya mini kore ne.

Daga ranar sunanta ya koma Kaka. In sabis ya ɗauke sai su ce Kaka ta yi gyangyaɗi. In caji ya ƙare su ce yunwa take ji, a kai ta rana. Suka riƙa rige-rigen wanda zai fara tsokanarta. Ɗalibar nan tawa kuwa, ina daga baranda na ji ta ba Kaka labarin wata saniyarsu da ta tsinke ta shiga gonar liman, da Turanci tun daga farko har ƙarshe, tana yi tana dariya. Na jingina da bango na saurara har ta gama.

Amma abin yana da iyaka. Da zarar na leƙo, ko wani malami ya gifta, sai muryoyin su faɗi. Wasan kaka ba a gaban manya ake yi ba. Don haka kusan rabin zangon nan a baranda na koyar.

Hedimasta ya same ni a can wata rana ya ce, "Malam, korar ka suka yi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya sa kada su koma gida su tambayi iyayensu ina haƙora. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa ranar jarrabawa kada kowa ya shiga ajin, in ya so wakiliyar da ƙungiyar za ta aiko ta zauna can baya inda ba za su riƙa ganinta ba. Ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne." Na sake tuna masa ana saura kwana kaɗan, har ya ce na cika fargaba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, baƙo ba ya shigowa gari daga birni ba a sanar da dagaci ba. Hedimasta ya je ya sanar, kamar yadda ya wajaba a kansa. Dagaci ya ce mutanen da suka yi wa 'ya'yansu wannan alheri ba za a bari su zo su tafi ba a tarbe su ba. In dagaci ya fito kuwa, liman zai fito, dattawan unguwa za su fito, iyayen yara ma ba za a bar su a baya ba.

Da na iso da safen nan na tarar da tabarmi da kujeru a harabar makaranta, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai, ga mutane cikin manyan riguna a tsakiyar damina, lokacin da kowa yake da aiki a gona. Na ce wa kaina a waje za su zauna.

Wakiliyar ta iso a mota, wata Hajiya mai fara'a da tabarau. Aka yi gaisuwa, aka sake gaisuwa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen gida da ruwa, liman ya yi addu'a. Tana duba agogo a fakaice, domin ta ce akwai wata makaranta wajen Masanawa da za ta je kafin azahar. Da aka ce a fara, sai dagaci ya miƙe ya gyara rigarsa ya ce, "To bari mu ma mu shiga mu ga abin nan da ake ta ba mu labari." Kafin in yi wani motsi an kwashi kujerun an jera su a gaban aji, suna fuskantar yaran.

Na matsa kusa da hedimasta na ce a hankali, "Yallaɓai, maganar da muka yi fa."

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Na sani. Kai za ka je ka ce wa dagaci ya fita? Bismillah, ga shi can."

Na je. Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin kamar ajin da zafi, ko a mayar muku da kujerun inuwa, in ya so a riƙa kawo muku labari?"

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu da muke wuni a gona? Yi aikinka, ɗana, kada ka damu da mu. Ko tari ba za mu yi ba."

Na koma wurin Hajiya na ce wataƙila yaran za su fi sakewa in ba mutane. Ta ce doka ba ta hana 'yan kallo ba muddin ba wanda ya ba da amsa, kuma a gaskiya ta ji daɗi, ba ta taɓa zuwa garin da iyaye suka fito haka ba. Tana faɗa tana ɗaukar su hoto da wayarta. Na tambaya ko za a iya ɗagawa zuwa gobe. Ta ce yau kaɗai aka buɗe wa makarantarmu jarrabawar.

Aka fara kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Kowane ya taso sai ya durƙusa ya gai da dattawa, ya karɓi kwamfutar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Yaron nan mai tsokana, wanda ya fara tambayar Kaka haƙora, ko ni da nake tsaye kusa da shi da ƙyar na ji shi. Ja. Na gaba ma ja. Wani dattijo ya tambaya jan nan na mene ne, na ce yana nufin ba ta ji ba. Sai ya juya ga yaron da ke tsaye, wanda ina jin ɗan ƙaninsa ne, ya ce, "Kai, buɗe baki mana ka yi magana." Yaron ya ƙara dunƙulewa, muryar ta ɓace gaba ɗaya. Ina ta addu'a a zuci ko sabis ya ɗauke, ko hadari ya taso mutane su watse. Ranar sabis bai ko girgiza ba.

Da aka zo kan ɗalibata sai na lura mahaifinta yana layin gaba. Dogo ne siriri, ya sa rigar da nake jin ta sallah ce. Tana tasowa ya kawar da kai ya koma kallon taga, kamar yadda uba yake yi wa ɗan fari a gidajensu. Ita ma ba ta dubi inda yake ba. Muryar manhajar ta tambaye ta abin da take yi da safe kafin ta zo makaranta. Na san ta san amsar. Na ji ta da kunnena, cikakkiya, ba kuskure ko ɗaya, amma a hankali kamar numfashi. Ja. Tambaya ta biyu ma haka.

Na sunkuya kamar zan gyara mata riƙon kwamfutar na ce, "Kakarki ce fa."

Ta ɗago ta dube ni. In ban manta ba wannan ne karo na farko da ta taɓa kallon fuskata. Idonta ya ciko. Ta girgiza kai kaɗan, ta mayar da shi ƙasa, ta ƙarasa sauran tambayoyin yadda ta fara.

Da aka gama dattawa suka fito suna sa albarka. Liman ya ce ya ji tsoron kada na'ura ta ɓata yara, amma yau ya ga natsuwarsu tana nan, hankalinsa ya kwanta. Mahaifin yarinyar ya same ni a bakin baranda ya riƙe hannuna da hannayensa biyu. Bai ambaci sunanta ba, ba a yi.

Ya ce, "Malam, ita waccan, tana ɗan taɓukawa kuwa?"

Na ce, "Baba, duk ajin ba kamarta."

Ya ce, "Madalla. Allah ya saka." Ya tafi yana murmushi.

Na bi Hajiya ina mata bayani da sauri, maganata tana harɗewa. Ta tsaya ta saurare ni da gaske. Ta ce ita ma haka ta tashi, ta gane abin da nake nufi, amma sakamakon ya riga ya tafi tun yaran suna tsaye, sai dai ta rubuta bayani ta haɗa. Na roƙe ta ta ɗan jira mutane su watse, ta tsaya a baranda tare da ni ko na ɗan lokaci ne ta ji da kunnenta. Ina jin ta so ta tsaya. Amma dagaci da jama'arsa sun riga sun kewaye ta za su raka ta mota, an sa mata kaji da ƙwaryar ƙwai a but ɗin motar, kuma baƙon da ake rakiya ba ya cewa a dakata.

Abin da ya biyo baya jira ne. Na jingina wayata a taga na ɗauki muryoyin yaran suna hira da Kaka, na kai Gwarzo inda sabis ya fi ƙarfi na tura wa Hajiya. Ta amsa da godiya, ta ce ta miƙa gaba. Na sake turawa, na sake tambaya, har na fara jin nauyin kada in zama mai naci. Duk hutun nan ko ƙarar saƙo na ji sai in yi wuf in duba. Hedimasta ya daina yi mini barkwanci, wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Bayan an dawo hutu, gero ya fara nuna, wani direba ya zo da takarda. Mutumin kirki ne, ya yi ta ba da haƙuri kamar shi ya yanke hukuncin. Aka kwance farantin sola daga kan kwano, aka jera kwamfutocin a kwali. Wani daga cikin yaran ya ce, "Kaka za ta koma gida," ba wanda ya yi dariya. Ɗalibata ba ta fito daga aji ba.

Na ci gaba da koyarwa da alli. Na gwada sa irin manhajar a wayata, amma waya ɗaya ce ga aji guda, kuma ta Malam ce, da hannu biyu suke karɓarta. Muryoyin suka koma inda na same su. Mutanen gari ba su taɓa tambayata dalili ba. Na ji an ce wasu sun ɗauka dama aron na zango ɗaya ne, ni kuma ban gyara musu ba, domin ban san yadda zan ce wa dattijon da ya bar gonarsa ya zo karrama baƙuwa cewa zuwansa ne ya jawo ba. Ban ma tabbata haka ne kaɗai ba. Wataƙila ko da ba su shigo ba Hajiya ita kaɗai ta isa ta sa yaran su yi shiru. Allah ne ya sani.

Kwanakin baya na haɗu da hedimasta a kasuwa, ya yi ritaya. Shi a tunaninsa yara da dama sun sami kore a ranar, kuma wai dagaci ya fita kafin a gama. Ni ban tuna haka ba, amma a halin da nake ciki a lokacin ba zan rantse ba. Ajin nan cike yake da mutane, da yawansu suna raye, yaran ma sun girma. Duk wanda yake wurin ya ga inda na ƙara ko na rage, ko ya san abin da aka rubuta a bayanin da Hajiya ta ce za ta haɗa, don Allah ya aiko mini in gyara.